Malam Zubair da Alamar Tarawa

Duk wanda ya taɓa sayen sabulu ko ashana a tiredar da ke gindin dutse, daura da makarantar firamare ta unguwarmu a Kazaure, ya san Malam Zubair. Ya kuma san ba a sayen ashana a wurinsa a tafi haka nan, sai an ji labarin ƙidaya. Shekarun baya an taɓa ɗaukarsa aikin wucin gadi na mako biyu, ya zaga ƙauyukan Gwiwa da Roni yana rubuta sunayen mutane, tun daga nan ya naɗa kansa uban lissafi na ƙasar Kazaure baki ɗaya. 'Yar sharar da aka ba shi ta aikin, mai aljihu huɗu, ta koɗe har ba a gane launinta, amma in dai taro za a yi sai ya ɗora ta a kan babbar riga. Cewa yake yi lamba ba ta taɓa yi masa gardama ba, ko a jikin mota ya gan ta sai ta faɗa masa sirrinta. Matarsa Dela kuwa takan ce mutumin da ya ƙirga jama'ar ƙananan hukumomi biyu har yau bai san kaji nawa ne a gidansa ba.

Wata Asabar da hantsi aka kira taron iyaye da malamai, maganar kuma ta kallon fim ce. 'Yan aji biyar da shida, masu shekara goma zuwa sha biyu, sun gano cewa wayoyin iyayensu mata suna da amfanin da ya wuce kira. Da an tashi daga makaranta sai a lallaɓa a zare waya, a kai wa masu turin fina-finai su cika memori, a dawo a shige bayan rumbu. Hajja Kaka, wata dattijuwa 'yar asalin Barno mai riƙon jikoki biyar, ta miƙe ta ba da labarin yadda jikanta Yakubu ya diro daga kan katanga yana ihu da wani yare, ya sauka a kan randarta ta shekara ashirin. Yaron ko ƙwarzane bai yi ba. Randar ce ba ta tashi ba.

Malama Halima Sa'adiyya, malamar aji shida, ta ce hana yaran kallo ɗungurungum ba zai yiwu ba, amma akwai hanyar zaɓa musu. Ta ce yawancin fina-finan da ake saukewa suna ɗauke da wata 'yar alama a farkonsu ko a jikin hotonsu. Ta ɗauki alli ta jera su a allo: G, PG, 13+, 16+, 18+. Ta juyo za ta fara bayani ke nan Malam Zubair ya miƙe, ya gyara 'yar shara, ya nemi izinin ƙara kalma ɗaya tak.

Kalmar tasa ta fara daga wani ƙauye a Gwiwa inda kare ya bi shi, ta ratsa ta Roni inda ya ƙirga gida guda mai mutum sittin da uku, ta dawo ta kan lalacewar yaran zamani. Malama ta ɗaga hannu sau uku, sau uku yana cewa yanzu zai sauka. Bai sauka ba sai da aka kira sallar azahar, taro ya watse. Ranar Litinin kuwa Malama ta tafi Dutse kwas na mako uku. Alamomin suka zauna a allo babu mai fassara su, kuma Malam Zubair ya riga ya kwafe su a bayan kwalin sukari.

Ranar Talata mutane suka wayi gari da tebur a gaban tireda, da benci, da kalkuleta, da wani kwali da aka rataye a jikin darbejiya an rubuta: Cibiyar Tantance Fina-finai ta Iyaye. Malam Zubair na zaune a bayan tebur, biro uku a aljihu. Ba ya karɓar ko sisi. Abin da yake hange ya fi haka, domin a ranar hutun ƙarshen zango za a zaɓi sabon shugaban iyaye, ya kuma riga ya auna kujerar da ido.

Bayanin nasa a sauƙaƙe yake. Harafin farko ai kowa ya ji yadda ake kiransa, ji. Ma'ana fim ne na ji, ba na gani ba. Na biyun kuma fi-ji, wato ya ma fi wancan bukatar a ji shi kawai. Saboda haka duk uwar da ta ga ɗaya daga cikin biyun nan, ta kifa wayar a kan tabarma, yara su saurara. Sauran kuwa, masu lamba da alamar tarawa a gaba, lissafi ne tsagwaronsa: a tara shekarun masu kallo, in sun kai lambar ko sun wuce, a kunna.

A tsallaken titi akwai rumfar Musaddiƙ, magidanci mai 'ya'ya biyu da ke cajin waya da turin fim. Da labari ya kai masa sai ya bar rumfar ya tsallako, ya gaida mutanen da ke kan benci, ya russuna.

"Baba Zubair, sha takwas ɗin nan fa na manya ne. Nufinsu sai wanda ya cika shekara sha takwas."

"Me ke gaban sha takwas ɗin?"

"Alamar tarawa."

"To a wace makaranta aka koya maka ka ga alamar tarawa ka ƙi tarawa?"

"Ai wannan ba lissafi ba ne, Baba."

"Ga lamba, ga alama, ka ce ba lissafi ba ne. To mene ne, kunu?"

Benci ya kwashe da dariya. Musaddiƙ ya so ya ƙara magana, amma Malam Zubair ya ɗaga kalkuleta sama ya tambayi jama'a tsakanin mai wannan da mai cajin waya wa ya fi kusa da lamba. Musaddiƙ ya koma rumfarsa yana girgiza kai. Shi dai ya ce ba zai tura wa yaro fim ɗin manya ba ko da an zo masa da kalkuleta goma. Sai dai masu turi a Kazaure ba shi kaɗai ba ne.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta canza kama. Ka shiga gida ka tarar da yara huɗu sun zagaye waya a kife, suna sauraron katun ɗin da babu magana a cikinsa ko ɗaya, sai ƙarar faɗuwar tukunya da wani abu mai kama da kukan agwagwa. In yaro ya miƙa hannu zai juya wayar a buge hannun. Ƙaramin jikan Hajja Kaka ya saurara har ya gaji ya fashe da kuka, ya ce shi dai a faɗa masa ko wane ne ya faɗi.

Manyan yaran kuwa ba a taɓa ganin sun so lissafi kamar wannan makon ba. Yakubu da ba ya iya tara bakwai da takwas sai da yatsun ƙafa, yanzu daga nesa yake hango yaro ya faɗi abin da za su tashi in an haɗa su. Mai sha biyu ya nemo mai shida, sha takwas ta cika. Mai sha ɗaya ya nemo mai biyar, ga sha shida. Ƙannen da a da ake korarsu daga wurin wasa suka zama abin lallashi, ana ba su alewa don su zauna. Da ƙanne suka yi ƙaranci aka koma aron jarirai. Yarinya ta yi sallama a gidan maƙwabta ta ce ta zo taya reno, uwa ta yi ta sa mata albarka, ba ta san ɗanta cikon lissafi zai je yi ba.

Wanda ya fi kowa cin moriyar abin shi ne Baba Kura, tsohon manomi mai shekara tamanin da uku, wanda aikinsa bayan azahar shi ne gyangyaɗi a zaurensa. Wani yaro ya gano cewa shekarun Baba Kura kaɗai sun isa su buɗe kowane fim a duniya, har a yi ragowa. Daga ranar zauren ya cika. Wannan ya kawo masa goro, wancan ya yi masa fifita, da ya lumshe ido a kunna waya. Tsohon ya riƙa gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa masu zagin yaran zamani ba su yi musu adalci ba, shi kam bai taɓa ganin yara masu ganin girman tsoho irin waɗannan ba.

A teburin cibiya tambayoyi suka yi ta zuwa, ba kuma wadda ta koma ba amsa. Wani ya tambaya ko ana lissafa cikin da ba a haifa ba. Malam Zubair ya danna kalkuleta ya ce rabi ne. Wani makiyayi daga Yankwashi, wanda bai bar dariyarsa ta fito ba, ya ce yana da akuya mai shekara bakwai, ko za ta shiga lissafi. Malam Zubair ya dubi sama, ya ce in dai tana fuskantar wayar.

Ranar Alhamis ta mako na biyu wata baƙuwa mai suna Zara ta zo daga Roni gaida 'yar uwarta, maƙwabciyar su Dela. Ta kwantar da ɗanta mai shekara biyu a inuwa ta shiga alwala, ta fito ba yaro. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida, ta leƙa rijiya, ta fito titi ba mayafi tana kiran sunansa. Mata suka fito, masu acaba suka bazu, wani har ya kama hanyar tasha. Bayan kusan sa'a guda aka samu yaron a soron gidan Malam Zubair, goye a bayan Bahijja, 'yar autarsa mai shekara sha ɗaya, yana barci abinsa, ita kuma tana kallon wasu ƙarti suna jifan juna da kujeru. Da aka tambaye ta sai ta ce ita ba sata ta yi ba, Baba ne ya ce sha ɗaya da biyu sha uku.

Zara ta karɓi ɗanta, ta faɗi maganganun da ba za su maimaitu ba, ta hau motar Roni tun kafin a sauke abincin da aka dafa mata. Dela ta jira har maigidan ya shigo cin tuwo, ta ajiye masa kwano ta zauna a gefe.

"Malam, in ka tara 'yan tsaki goma a akurki, zakara suke zama?"

"Wannan maganar kiwo ce. Ni maganar lamba nake yi."

"Yarinyar nan jiya muciya ta ɗauka ta ce za ta rama wa ubanta. Wa ya taɓa ka?"

Ya ce wannan alamar ƙauna ce, ya kuma ja hankalinta da cewa duk wani babban aiki sai an samu 'yan kurakurai a farkonsa, ko ƙidaya ma sai da suka ƙirga wani mutum sau biyu. Dela ta ɗauke kwanon miya ta ce in ya tara tuwon da ruwan sha ai sun isa.

Ana saura kwana huɗu hutu hedimasta ya aro majigi da lasifika da janareta, don a nuna wa 'yan aji biyar da shida fim a ranar rufe makaranta, iyaye su ma su zo, daga nan a yi zaɓe. Da yake Malama ba ta dawo ba, sunan Malam Zubair kuma ya cika unguwa, sai aka ba shi zaɓen fim ɗin. Ya karɓi rajistar aji biyun ya zauna da kalkuleta. Yara saba'in da huɗu, shekarunsu suka tashi ɗari takwas da goma sha biyu. Da ya ƙiyasta na iyaye ya zuba a kai, lissafi ya haura dubu uku. Ya ajiye biro ya sanar da benci cewa ba a taɓa yin fim ɗin da ya fi ƙarfin ɗakin nan ba.

Ya tsallaka wurin Musaddiƙ ya ce a ba shi mai lamba mafi girma. Musaddiƙ ya ce yana da wani na dabbobin daji da yara ke so, mai harafin farkon nan. Malam Zubair ya ce shi ba zai tara mai unguwa da iyaye a gaban majigi su zauna suna jin kukan dabbobi ido rufe ba. Musaddiƙ ya roƙe shi, ya ce ko me zai nuna ya fara kallonsa shi kaɗai tukuna. Malam Zubair ya ce wanda ya san lamba ba ya bukatar kallo. Daga nan ya wuce tasha, inda wani direban motar Babura ya tura masa wani mai sha takwas daga wayarsa, yana gaya masa cewa shi kansa rabi ya iya kalla. Malam Zubair ya ce ai don shi kaɗai ya kalla ne, su kuwa jama'a ne.

Musaddiƙ ya nemi lambar Malama ya kira ta. Ta ce ranar Juma'a da safe za a sallame su, za ta kamo hanya kai tsaye.

Ranar Juma'a da hantsi aka toshe tagogin aji shida da tabarmi, ɗaki ya yi duhu. Da aka rasa farin bango sai Malam Zubair ya ɗauko wani farin zanin gado da ya tarar a kan igiyar shanya a gidansa, bai tambayi kowa ba, aka ɗaure shi da igiya daga wannan ƙusa zuwa waccan. Yara suka zauna a ƙasa, iyaye a benci ta baya, mai unguwa a kujerar hedimasta. Baba Kura ma yara sun rako shi, sun ba shi wuri a gaba, bai daɗe da zama ba ya yi barci. A waje masu awara da masu ƙosai sun jeru suna jiran a tashi.

Malam Zubair ya tsaya a gefen zanin, sanda a hannu, lasifika a daidai kunnensa. Ya yi wa mai unguwa ranka ya daɗe, ya karanta jimillar shekarun ɗakin sau biyu, ya ce a kunna.

Fim ya fara lafiya lau. Ga wani gida a cikin itatuwa, ga wata mata ta fito da guga ta nufi rijiya. Malam Zubair ya nuna da sanda ya ce yara su lura, darasi ne kan tsaftar ruwan sha. Matar ta leƙa rijiyar. Kiɗa ya yi ƙasa. Ya ce su ga yadda take dubawa kafin ta ɗiba, haka ake so. Sai wani hannu fari fat, mai dogayen farata, ya fito daga ciki ya dafa bakin rijiyar. Malam Zubair ya ce, da wata murya da ba a san shi da ita ba, mai yiwuwa mai yasar rijiya ne.

Mai yasar rijiyar ya ƙarasa fitowa. Gashi ya rufe masa fuska har gwiwa, kansa a juye yake yana kallon baya, yana tafiya da hannu da ƙafa kamar gizo-gizo. Ya ɗago, gashin ya buɗe, lasifikar da ke kunnen Malam Zubair ta saki wata ƙara da ta girgiza kwanon rufi.

Mutum na farko da ya yi ihu a ɗakin ba yaro ba ne. Malam Zubair ya yar da sanda ya zabura, a zatonsa ƙofa ya nufa, ashe zanin ya tunkara. Igiya ta tsinke, zanin ya rufto masa tun daga hula har ƙafa. Ya juyo yana lalube da hannu biyu, majigi kuwa bai daina aikinsa ba, sai ga fuskar abin rijiyar nan ɓaro-ɓaro a kan tumbinsa, baki buɗe, tana matsowa duk sanda ya matso.

Yakubu ne ya ƙwalla ihu ya ce abin ya fito. Kalmar nan ta ishi kowa. Yara saba'in da huɗu suka miƙe lokaci guda, wasu ta ƙofa, wasu ta taga da tabarmi a kansu. Iyaye suka bi, kowa na kiran sunan nasa. Mai unguwa, mutum mai jiki da nutsuwa, aka gan shi ya tsallake benci biyu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Malam Zubair ya ji gudu ta ko'ina, ya tabbata abin yana bayansa, ya ƙara mai. Wayar lasifika ta naɗe masa ƙafa, ya fito tsakar makaranta fari fat ba fuska, yana jan lasifika tana kururuwa a bayansa. Masu awara suka ɗaga ido suka ga abin da ya fito daga ajin. Ba wadda ta tsaya ɗaukar faranti.

Baba Kura kam bai gudu ba, don bai ga farkon abin ba. Hayaniya ta tashe shi, ya dogara sandarsa ya fito, ya ga wani farin abu yana zagaye tutar makaranta yana bin jikokin mutane. Ya gyara tsayuwa, ya jira ya zo daidai, ya sauke masa sanda a gadon baya. Abin ya ce wayyo. Tsohon ya ce aljanin da ya san wayyo ai zai san ta biyu, ya ƙara masa. Hajja Kaka ta iso da bokitin ruwan wanke hannu ta juye masa a ka.

Daidai nan acaba ya tsaya a ƙofar makaranta, Malama Halima Sa'adiyya ta sauko da jakarta. Ta dubi yara a kan bishiya, ta dubi awara a ƙasa, ta dubi hedimasta a bayan tankin ruwa. Ta wuce kai tsaye ta kashe janareta. Shiru ya sauka. Dela ta ratso mutane ta tsaya a kan farin abin da ke zaune a ƙasa yana nishi, ta kama gefensa ta duba ɗinkin.

"Wannan ai zanina ne," in ji ta, ta fizge.

Ga Malam Zubair a jiƙe sharkaf, hula ta koma ƙeya, biro ya fashe a aljihun 'yar shara. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya ce janareta ya fito kashewa.

"Janareta na gabas, ɗan nan, kai kuwa yamma ka yi," in ji Hajja Kaka.

"Zagayowa zan yi, Hajja."

"Sau huɗu ka zagaya tuta. Shekara dubu uku a ɗaki, ba su riƙe ka ba?"

"Ai da mutane suka fara fita lissafin ya ragu."

"Wa ya fara fita?"

Dariya ta fara daga wurin mai acaban da ya kawo Malama, ta bi ta kan iyaye, har mai unguwa da ke neman takalminsa ɗaya sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki.

Ba kowa ne ya yi dariyar ba. Malama ta shiga ajin ta fito da Bahijja, wadda ba ta gudu ba. Ta tarar da ita a lungu ta rungume wasu ƙananan yara biyu da suka biyo yayyensu, ta rufe musu ido da tafin hannunta. Yarinyar ta zo ta tsaya a gaban ubanta, ta ce, "Baba, ai ka ce mun kai." Malam Zubair ya buɗe baki ya rufe. Waɗanda suka san shi shekara talatin sun ce ranar ce suka fara ganin haka.

Malama ta sa aka sauko da yara daga bishiya, aka ba su ruwa, ta nuna musu majigin da zanin, ta bar su suka taɓa, ta ce abin da suka gani mutum ne aka yi wa kwalliya, yanzu haka wataƙila yana gidansu yana cin abinci. Sannan ta tara iyaye a inuwa, ta roƙi arziki kada kowa ya ƙara kalma ɗaya tak. Bayanin bai ci minti biyar ba. Lambar shekarun yaro guda ce, ba ta taro ba. Alamar da ke gabanta na nufin daga nan zuwa sama. In akwai yara da yawa, da mafi ƙanƙanta ake aunawa. G na kowa da kowa ne, a kalla da ido biyu. PG kuwa sai babba ya zauna tare da yaro, a farke, don in an zo wurin da ke bukatar bayani ko tsallakewa. Ta ce ko alamar ta yi daidai, waɗanda suka sa ta ba su san ɗanka ba, ba su san gidanka ba, don haka uwa ko uba ya fara leƙa fim ɗin, ko ya tambayi wanda ya gani. Wanda ba shi da alama kuwa a ɗauke shi na manya har sai an tabbatar.

Baba Kura ya tambaya ko wannan na nufin yaran ba za su ƙara zuwa zaurensa ba. Hajja Kaka ta ce za su zo, ita za ta turo nata biyar kullum, ba waya, su yi masa fifita har sai sun biya goron ƙaryar da suka ba shi.

Aka yi zaɓe a nan inuwar. Hajja Kaka ta ci da hannu hamsin da ɗaya. Aka ɗora wa Musaddiƙ ware fina-finan rumfarsa gida-gida bisa shekaru, ya kuma yi alkawarin zai zaga sauran masu turi. Da aka kira sunan Malam Zubair hannu ɗaya ne ya tashi, nasa, shi ma da ya waiga ya ga Dela na kallonsa sai ya mai da shi sosa ƙeya. Bayan an sauko daga Juma'a aka sake ɗaura zanin, da izinin mai shi, aka nuna na dabbobin dajin. Malam Zubair ya zauna a can baya kusa da Bahijja, duk sanda zaki ya fito sai ta dafa masa hannu ta ce kada ya damu, ba zai fito ba.

Kwana tara bai ce uffan ba a tireda. Mutane suka sayi ashana suka tafi haka nan, har wasu suka fara jin kewa. Ranar na goma, an yi ruwan shuka, wani manomi daga Kanya Babba ya tsaya sayen sabulu, ya jingine babur ɗinsa da buhun takin zamani a ɗaure a baya. Malam Zubair ya miƙo sabulun, idonsa ya sauka a kan buhun. Ya leƙo. Ya fito daga tireda a hankali, ya sunkuya, ya bi rubutun da yatsa: 15-15-15.

"Bawan Allah," in ji shi, "ka kuwa san abin da sha biyar sau uku ɗin nan ke nufi?"

Mutanen benci suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Manomin baƙo ne, bai san komai ba, amma ya ga fuskokinsu. Ya bar sabulun a kan kanta, ya haye babur, bai tsaya tayar da shi ba, da ƙafa ya tura shi har gangare.